Manomin da Ya Yi wa Albasarsa Wanka

Akwai wani mutum mai lambun albasa a bakin rafi. Ya raba lambun fangali-fangali, wato 'yan gadajen shuka masu ganuwar ƙasa, hanyar ruwa kuma ta ratsa tsakaninsu. Ban ruwa yana da ƙa'ida. Mutum zai buɗe bakin fangali ɗaya da fartanya, ya tsaya har ƙasa ta sha ta ƙoshi, ya toshe da laka, sa'an nan ya buɗe na gaba. Aikin ba nauyi, sai dai tsayuwa.

Wata shekara mutumin nan ya sayi babbar waya. Da fari yakan duba ta ne sa'ad da yake jiran fangali ya cika. Ga masu ban dariya, ga masu faɗa, ga labarin ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. In abu bai yi masa daɗi ba, sai ya ture da yatsa, wani ya fito nan take. A hankali zuciyarsa ta koyi halin yatsan. Jiran ruwa ya zame masa azaba. Ko wa'azi a majami'a, kafin fasto ya gama karatu hankalinsa ya zaga duniya. In ya kwanta, idanu su gaji, kai kuwa ya ƙi yin shiru.

Sai ya yi dabara. Ya ce a ransa, me zai sa ya tsaya kan fangali ɗaya kamar dogari? Ya buɗe bakunan duka gaba ɗaya, ya koma gindin mangwaro da wayarsa. In ya ɗaga kai ya ga lambu yana ƙyalli daga wannan gefe zuwa wancan, sai ya yaba wa kansa.

Ba a daɗe ba ganyen albasa ya fara rawaya, ya kwanta. Wannan lambu kuwa shi ne abincin gidansa har damina. Ya ɗauki hoton ganyen ya tura wa abokansa na waya. Wani ya ce tsutsa ce, wani ya ce irin ne ba kyau, wani ya ce hannun maƙiya ne. Ya yi feshi, ganye ya ƙara kwanciya.

Rannan matarsa ta kawo masa abinci. Ta gaishe shi, ya amsa ido na kan waya. Ta ajiye kwano, ta tsuguna bakin wani fangali, ta nutsa yatsa cikin laka. Da ta zaro, sai ga busasshiyar ƙasa a kan yatsan.

Ta ce, "Baban Rifkatu, wanka kake yi wa albasar nan. Ba ta sha ba."

Ya ce ai ga ruwa ko'ina, ko ba ta gani? Ta miƙa masa yatsan har gaban hanci, tana murmushi.

"Ni na san wannan ƙishi. Haka maganata take yi a kunnenka, ta jiƙa sama ta wuce."

Mutumin ya tona nan, ya tona can. Ko'ina ƙasa a bushe take a ƙarƙashi. Ya daɗe a tsugune. Sa'an nan ya miƙa mata wayar, ya ce ta tafi da ita gida, sai yamma. Ta ɗaure ta a bakin zane, ta ce Allah ya sa kada ya riga ta isa gida.

Ya toshe bakunan duka, ya buɗe guda ɗaya, ya tsaya. Nan yaƙin ya fara. Hannunsa ya yi ta zuwa aljihu yana dawowa wayam. Ya ji kamar wayar tana motsi a cinyarsa, alhali ba ta nan. Ya ɗaga fartanya zai buɗe fangali na biyu, ya sauke. Ya ce, "Ya Ubangiji, ka riƙe mini hannuna." Ya ci gaba da tsayuwa, har ya ji ƙasa tana zuƙar ruwa da 'yar ƙara, ƙarar da ya manta da ita. Da fangalin ya ƙoshi, ya toshe, ya wuce na gaba.

Kashegari ma da wuya, amma bai kai jiya ba. Albasar fangalin can ƙarshe ta riga ta mutu, bai same ta ba. Sauran kuwa suka miƙe, suka yi kore shar, suka yi kai har suna tsaga ƙasa. Barcinsa ya dawo. Ran Lahadin godiyar girbi ya shiga majami'a da kwando a ka, yana rawa, 'yan zumuntar mata suna guɗa. Ya kuwa saurari wa'azin ranar har ƙarshe.

Ma'anar wannan misali ita ce: ruwan nan hankalinmu ne, Allah kuwa ya ba kowa daidai gwargwado. Gadajen shukar su ne addu'a, da Maganar Allah, da karatu, da aiki, da mutanen gidanmu. Waya ba zunubi ba ce, mutumin nan ma bai jefa tasa a rafi ba. Amma wanda ya saba da turewa da yatsa, zai wayi gari ba ya iya tsayawa kan kome. Yana ko'ina, ba inda ya nutsa. Daga nesa rayuwarsa tana ƙyalli, saiwa kuwa tana ƙishi.

Ƙaunatattu, ku yi farin ciki, gama hankalin da ya koyi tsalle yana iya koyon tsayuwa, Ubangiji kuma yana taimakon mai roƙonsa. Idan ka zo yin addu'a, ka bar wayar a wani ɗaki. Idan mahaifiyarki tana miki magana, ki kifa wayar. Ranar farko hannu zai yi ƙaiƙayi. Ku daure, ku tsaya. Wanda ya tsaya shi ne zai yi girbi.