Zumar Farko a Gidan Liyakat

Akwai wani yaro a birnin Multan mai suna Imtiyaz, ɗan Liyakat mai sayar da yadi. Tun yana ƙarami tafiyarsa da maganarsa irin na mata ne, duka kuwa ya sha shi har ya gode Allah.

Yana shekara goma sha bakwai uban ya kama shi da awarwaron yayarsa a hannu. Ya jawo shi titi, ya tara maƙwabta, ya ce su shaida daga yau ɗansa ya mutu.

Yaro ya koma kwana a harabar hubbaren wani waliyyi, inda ake rabon abincin sadaka. A nan Guru Shamshad ta tsince shi. Tsohuwa ce mai kaifin baki, uwar wani gida na kwaja sira, wato waɗanda aka haifa da jikin maza amma suke rayuwar mata. Duk 'ya'yan gidanta korarru ne.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai, da wannan ƙashin wuyan ko kare ba zai bi ka ba. Tashi mu je."

Ba ta tambaye shi komai ba sai da ya ƙoshi. Daga baya ta tara 'yan gida, ta yafa masa jan mayafi a ka, alamar ta ɗauke shi 'ya. Tun daga ranar Imtiyaz ya koma rayuwar mata, sunanta Ruksar.

Sana'ar gidan ita ce zuwa barka. Kowace guru da unguwarta, in aka yi haihuwa su ke zuwa da ganga da tafi su sa wa jariri albarka. Mutane na son addu'arsu, amma sun fi tsoron bakinsu, don an yi imani ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Wata safiya, bayan 'yan shekaru, labari ya zo an haifi namiji a gidan Liyakat, ɗan yayan Ruksar. Gidan kuwa a unguwar Shamshad yake.

Ruksar ta ce ba za ta ba. Sai kuma ta ce za ta, amma bakin da za ta yi wa gidan sai an daɗe ana labarinsa. Wallahi ba wanda ya ga laifinta. Guru ta ce mata kawai, "Baki naki ne, 'yata. Amma jaririn bai kore ki ba."

Suka isa ana shirin ba jariri zumar farko. Duk wanda ya fara lasa wa jariri zuma, halinsa yaron zai ɗauko, shi ya sa ake zaɓe. Ga ƙoƙon a hannun Liyakat, kakan yaro, ya sha farar riga.

Yana ganin Ruksar ya tare ƙofa. Zagin da ya yi ba zai maimaitu a nan ba. Ya ce shi ba ya magana da gawa, ya tofa mata yawu a kan mayafi.

Ganga ta tsaya. Maƙwabta suka ja yaransu baya. Uwar Ruksar ta dafe ƙirji a bayan labule, don kowa ya san abin da ke biyo baya.

Ruksar ta ɗaga hannuwa. Tsinuwar tana nan a kan harshenta, ta shekara da shekaru tana tanadinta. Sai jariri ya tsanyara kuka daga ciki.

Ta ce, "Allah Ya raya shi. Allah Ya ba shi lafiya da arziki. Kuma Abba, duk yadda yaron nan ya tashi, Allah Ya sa ya tarar da ƙofar gidan nan a buɗe."

Ikon Allah, har tsigar jikin mutane ta tashi.

Sai ga mai jego, Nusrat, ta fito tana dafa bango, jariri a kafaɗa. Ita da ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli surukinta ba, ta zare ƙoƙon daga hannunsa.

Ta ce, "Ka gafarce ni, Abba. Halin da na gani yanzu nake so ɗana ya ɗauko." Ta miƙa wa Ruksar.

Ruksar ta tsoma ɗan yatsa ta lasa wa jariri, hawaye na zuba. Liyakat ya tsaya da hannu a buɗe, ya rasa inda zai sa shi.

Da za su tafi, uwar Ruksar ta biyo Guru har titi, ta kama gefen mayafinta tana tambayar me ta yi wa Imtiyaz ya zama haka. Shamshad ta ce, "Gurasa da miyar wake, 'yar'uwa. Sai kuma ba wanda ya ce mata ta mutu."

Darasi: Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ɗan da ka kora ɗan Adam ne, kuma wanda ya ba shi wurin kwana ya fi ka sanin darajarsa. Ku tura wa iyaye su karanta, wataƙila wata ƙofa ta buɗe yau.