Hannun da Ke Kan Igiya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can zamanin da, ana ce masa Korau. Haƙar rijiya ce sana'arsa. Ba malami ba ne, jama'a. Sallolinsa biyar, azumin Ramadan, sai ɗan salatin da ba ya rabuwa da leɓensa. Iyakar abin da ya sani ke nan.

To ku saurara, don ba kowa ya san aikin nan ba. Mai haƙar rijiya yana can ƙasa cikin duhu, wani yana sama riƙe da igiya. In rami ya yi zurfi murya ba ta fitowa, igiyar nan ita ce bakinsa. In ya ja ta a hankali, kwandon ƙasa ya cika. In ya yi ta fizga kuwa, cewa yake a fitar da ni, akwai haɗari. Shi ya sa na ƙasa ba ya ba kowa igiyarsa sai wanda ya yarda da shi. Korau ƙaninsa ya ba, Hudu, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai mata da 'ya'ya.

Da fari Hudu ya kama ibada, kowa ya yi murna. Wa zai ƙi? Sai abu ya soma canza kama. Ya ɗora wa kansa wani wuridi mai tsawo, ba malamin da ya ba shi, ya kuma kafa wa kansa doka cewa in aka katse shi sai ya koma farko. A yi masa sallama ya ɗaure fuska. 'Yarsa ta yi kuka ya daka mata tsawa, wai ta ɓata masa lissafi. Azumi kullum, har magidanci ya koma kamar karan dawa. In ya yi alwala sai ya sake, ya sake, zuciya na ce masa ba ta yi ba. Kuma, ku ji wannan da kyau, sai ya fara kallon yayansa a matsayin gafalalle.

Korau yana gani, abin yana cin ransa. Wata safiya ya ce, "Hudu, hannunka rawa yake. Ka sha fura yau, ramin nan ya yi zurfi."

Hudu ya ce, "Yaya, kai ciki ne a gabanka. Ni lahira nake nema."

Korau ya sauka rijiya. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, amma wa zai ba igiyar? Ya tsallake ɗan uwansa ya ɗauko bare, gari ya ce me?

Rana ta take. Korau yana sara da diga, sai ya ji yashi na zubo masa a ƙeya. Ya ɗaga kai, ya ga bangon rijiya ya tsage. Ya fizgi igiya. Shiru. Ya sake fizga, ya fizga har tafinsa ya yi jini. Shiru, jama'a!

Ina Hudu? Yana nan a bakin rijiya. Ya naɗe igiyar a ƙafa don hannu ya sami damar jan carbi, ido a rufe, baki na motsi. Sai da ya kai ƙarshen wuridinsa, ya shafa, sannan ya miƙe. Kafin nan ƙasa ta zabto ta danne ƙafar Korau. Hudu ya kama igiya ya ja, ina ƙarfin yake? Azumi ya cinye. Jiri ya kwashe shi. Ba don wasu mata masu itace sun ji ihun Hudu sun kira maza ba, da rijiyar nan ta zama kabari.

Aka fito da Korau, ƙafa ta karye. Maɗori ya ɗaure, ya ce zai taka, amma shi da shiga rijiya har abada. Mutanen gari suka cika zaure, wasu na cewa a kori Hudu daga garin.

Korau ya ce a kira masa shi. Ya dube shi ya ce, "Tambaya ɗaya. Ka ji igiyar?"

Hudu ya sunkuyar da kai. "Na ji, Yaya."

"Ka ji?"

"Na ji. Saura kaɗan ne in cika wuridin. Tsoro na ji in tsaya, kada ya lalace."

Kun ji fa! Saura kaɗan ya cika! Wallahi duk sanda na kawo nan sai raina ya ɓaci. Ɗan uwanka yana fizgar igiya da ransa, kai kana ƙidayar ƙwayar carbi! Wane Ubangiji ne ya ce a yi masa haka?

Ran Korau ma ya ɓaci, kada ku ɗauka dutse ne. Sai da hawaye ya zubo masa. Amma da ya dubi ƙaninsa bai ga mugu ba, marar lafiya ya gani. Ya sa matarsa ta kawo ƙwaryar fura, rana tsaka, ya miƙa masa.

Hudu ya ce, "Ina azumi, Yaya."

"Na nafila ne. Sha."

Ya sha, yana kuka.

Korau ya ce, "Ba mai korar ka. In ka yi ƙarfi, kai za ka riƙa sauka. Ni zan riƙe maka igiya."

Haka aka yi. Ranar farko da Hudu ya kai ƙasa, duhu ya rufe shi, ya hango sama kamar bakin tulu, tsoro ya kama shi. Ya ɗan taɓa igiya, taɓawa kawai. Nan take ya ji an ja ta daga sama, an amsa. Yayansa na can da sandarsa a gefe, leɓe na salati yadda ya saba, hannu biyu a kan igiya. Hudu ya zauna cikin laka ya fashe da kuka.

Jama'a, ban ce ku rage ambaton Allah ba, kada wani ya fita ya yi mini ƙarya. Cewa na yi ku san alama. Ibadar da ke sa ka fushi da mai sallama, ta hana ka natsuwa sai tsoro, ta karya jikinka, ta sa ka raina wanda bai kai ka ba, kuma ba ka iya dakatar da ita ko gida na cin wuta, wannan waswasi ne ya shige ta. Ka je wurin malami na gari, ka nemi taimako, ba abin kunya ba ne.

Kai da ke zaune nan, akwai mai jan igiyarka. Ko tsohuwarka ce, ko matarka da ta kwana uku ba ta ga fara'arka ba, ko maƙwabcin da ke kwance. Ka ji, na san ka ji. Kada ka ce masa saura kaɗan ka cika. Allah Ya ba mu ibadar da za Ya karɓa, Ya tsare mu da sakin igiyar da aka damƙa mana.