Ranar da Sarki Madusena Ya Rufe Haikali

A ƙasar Hindu an yi wani sarki, Madusena, wanda birninsa ke da haikalin Shiba, abin bautarsu, a bakin kogi. Daga ƙasashe masu nisa mutane ke takowa su yi wanka, su zuba tokar mamatansu a ruwan, don sun yi imani ta nan mamaci ke samun hutu. Wata shekara, a cunkoson biki, ɗan sarkin tilo ya zame ya nutse a kogin. Sarki ya sa aka rufe ƙofar haikalin, wadda ta nan ake sauka kogin.

Bayan kwana tara tsohon wazirinsa, Somadata, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san labarin wanda ya sassaƙa haikalin nan?"

Sarki ya ce, "Faɗi, in ka ga dama."

Waziri ya ce, "Sunansa Nilakanta. Shekara goma sha biyu yana saran dutse a nan, matarsa na ƙauye tana jira. Ana saura kaɗan ya gama aka aiko masa ta rasu, har an ƙone gawar. Ya ajiye guduma, ya sauko bakin kogi, ya ce wa mai fito, 'Ƙetarar da ni. Wanda na yi wa bauta bai tsare mini gida ba.'

"Mai fiton, wani dattijo Gobinda, ya ce, 'Shigo, ɗana. Amma ka ji yadda na zama mai fito. Ina saurayi kakata ta rasu. Mahaifina ya ɗauki tokarta a tulu, muka yi kwana arba'in a ƙafa. Muka iso waccan gaɓar, ga wurin ibada muna hange, lokacin rumfar ciyawa ce kawai. Amma masu jirage sun yi fushi da hakiminsu, sun janye jiragensu. Kwana shida muna roƙo. Zazzaɓi ya kama mahaifina, ya mutu rungume da tulun, yana ce mini, kada ka bar ta a hanya. Da jirage suka dawo, da tulu biyu na ƙetare, tun ranar kuwa na kama fito. Masu jiragen nan da gaskiyarsu, ɗana, amma ba hakimi ne ya mutu a gaɓa ba.'

"Nilakanta ya yi kuka har ya gaji, sannan ya ce a mai da shi. Ya ƙarasa aikin, bai ƙara dariya ba har ya mutu."

Sannan waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ce ka daina kuka ba. Ni na goya yaron nan. Amma yau da safe na ƙirga tulu saba'in a bakin ƙofa, kowanne da mai riƙe da shi."

Sarki ya ɗago kai, ya ce, "Na ji, Baba. Tashi mu je."

Ya fita ba rawani ba rakiya, ya zare sakatar ƙofar haikalin da hannunsa. Wadda ta fara shigowa wata tsohuwa ce, ƙafafunta duk sun tsage, tana rungume da ɗan ƙaramin tulu. Ba ta san shi ba.

Ta ce, "Ɗan nan, riƙe mini hannu mu sauka, idona ba ya gani sosai."

Ya riƙe ta. Ya ce, "Tokar wa kika kawo, Iya?"

Ta ce, "Ɗana."

Suka sauka tare, a hankali.