Wa Zai Riƙe wa Kwaɗo Igiya?

Akwai wani mai yasar rijiya, aminin marigayi maigidana, ana ce masa Kwaɗo. Rabin rayuwarsa a cikin rijiya ya yi ta, shi ya sa sunan ya bi shi, kuma ko kaɗan ba ya jin haushi. Na daɗe ina son in ba ku labarinsa, sai yau zuciyata ta bar ni na rubuta.

Aikinsu na mutum biyu ne. Ɗaya ya sauka, ɗaya ya tsaya a sama riƙe da igiyar da aka ɗaura wa mai saukar a ƙugu. Tun kafin aurenmu maigidana ne yake riƙe wa Kwaɗo igiya.

Bara ƙungiyarsu ta masu aikin rijiya ta shirya tafiya wata ƙasa, inda ambaliya ta cike wa mutane rijiyoyi da laka. Aikin sa kai ne, don Allah. An yi fasfo, an yi allurar rigakafi, ni ma an kawo mini ɗinkin jakunkunan kayan aiki. Ana tsakiyar shiri maigidana ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa.

Dokar ƙungiyar ita ce ba a tafiya da mai sauka sai da mai igiyarsa. Da aka watse daga zaman makoki, Shugaba, wato jagoran ƙungiyar, ya gaya wa Kwaɗo gaskiya: ya nemo wanda zai riƙe masa, a gwada su kafin ranar tashi, in ba haka ba ya haƙura da tafiyar.

A tsakar gidanmu ake wannan magana, bakin rijiyar da suke atisaye a cikinta. Ina ɗaki a kan keken ɗinki, ina jin komai ta taga.

Sai ƙanin maigidana ya ce, "Ni zan riƙe."

Aka tuntsire da dariya. Magidanci ne da 'ya'yansa, tsohon direba, amma Rediyo ake ce masa. Ko akuya ce ta gitta sai ya tambaye ta mutanen gida.

Shugaba ya ce, "Kai da ba ka iya riƙe bakinka ba, ina kai ina igiya?"

Kwaɗo bai yi dariya ba. Ya ce, "Gobe ka zo da wuri. Ka bar wayarka a gida."

Da buhun yashi suka fara. Suka kafa ƙarfe mai ƙafa uku da ake rataya igiya a bakin rijiya, suka ɗaura buhun kamar mutum. Rediyo yana saukar da shi a hankali, sai maƙwabcinmu ya yi sallama. Ya juya, ya ɗaga hannu zai gaisa. Muka ji tim a ƙasa.

Da aka zaro buhun a fashe, wani ya ce, "Kwaɗo, ga kanka nan, ka gani da kyau."

Kwaɗo ya ɗauki shebur ya cika wani buhun. Ya ce, "Sake."

Buhunan da suka fasa ni ce shaida, don ni nake faci. Har na ce wa Rediyo, "Wai tafiya za ku yi ko sana'ar ɗinki kuka buɗe mini?"

Ya ce, "Matar Yaya, ki yi ta faci, ladan naki ne. Mu namu sai mun haye jirgi."

Kullum da safe haka. Kwaɗo ya nuna masa inda zai kafa ƙafa, yadda hannu ɗaya ba ya saki sai ɗayan ya kama, yadda ake gaisawa da baki ba tare da an juya wuya ba. Tafin hannun Rediyo ya yi kanta, ya fashe, ya warke. Ban taɓa jin Kwaɗo ya ɗaga masa murya ba. In abin ya ishe shi sai ya nemi ruwa ya sha, ya dubi sama, ya koma.

Tafiya ta matso, sai ga sauƙi ya zo wa Kwaɗo har gida. Wani mai sauka ya fasa zuwa saboda matarsa ta kusa haihuwa, mai igiyarsa ya zama ba shi da abokin aiki. Ƙato ake ce masa, gwani ne, kowa ya sani.

Shugaba ya ce, "Allah Ya kawo maka mafita. Ka ɗauki Ƙato, ba sai an yi wani gwaji ba. Amma ka sani, in ka tsaya a kan Rediyo zan haɗa Ƙato da wani. In ya faɗi gwaji, ku biyun kuna gida."

Na san abin da tafiyar nan take a wurin Kwaɗo. Bai taɓa fita ƙasar waje ba, kuma shi da marigayi sun daɗe suna zancenta. Ni kaina na same shi na ce, "Baban yara da yana nan ba zai ga laifinka ba. Ka ɗauki gwanin."

Ya ce, "Ranar da kowa ya yi shiru, shi ne ya ce zai riƙe. Ya kashe hannunsa a kaina. Yanzu don na samu wanda ya fi shi sai in ce ya koma gida? Gobe ni zan sauka, ba buhu ba."

Kuma ya sauka. Na rufe tagar ranar, ban iya kallo ba.

Ranar gwaji 'yan ƙungiya suka cika gidan. Rana ta yi zafi, Ƙato ya ce bari ya janyo tsohon tamfal da ke kan rufin rumfa a yi inuwa. Lokacin Kwaɗo ya kai tsakiyar rijiya, yana reto a igiya.

Ashe rina sun yi gida a ƙarƙashin tamfal ɗin.

Ban taɓa ganin manya sun yi gudu irin na ranar ba. Shugaba ya bar takalminsa ƙafa ɗaya, Ƙato ya faɗa kicin ɗina ya turo ƙofa. Tsakar gida ta zama ba kowa sai Rediyo, rina suna yi masa ruwan harbi a wuya da fuska da bayan hannu.

In ya saki, Kwaɗo ya tafi ƙasa. In ya jawo shi sama, ya kawo shi cikin rina. Sai ya ci gaba da saukar da shi, hannu bayan hannu, kamar yadda aka koya masa.

Daga ciki Kwaɗo ya ce, "Hayaniyar me nake ji? Lafiya?"

Rediyo ya ce, "Lafiya lau, Oga. Sauka abinka."

Na kunna tsummokaran ɗinki a cikin kwano, na yafa bargo na fita da hayaƙin. Ko da rinar suka watse bai saki ba, sai da mutanen suka dawo suka kama masa aka fito da Kwaɗo.

Kwaɗo ya dubi fuskarsa. Ido ɗaya ya rufe, leɓe ya yi suntum. Sai ya jiƙa hularsa a guga ya ɗora masa a wuya.

Shugaba ya dawo yana neman takalminsa. Ya ce, "Ni gwajin da na shirya bai kai wannan ba. Ku haɗa kayanku."

Rediyo ya ce, da ƙyar ake gane maganarsa, "Shugaba, da wannan fuskar za su yarda ni ne a fasfo?"

Tun rasuwar maigidana, ranar na fara dariya har da hawaye.

Kumburin ya saɓe kafin ranar tashi. Sun tafi tare, sun yashe rijiyoyin da Allah Ya nufa, sun dawo lafiya. Har yau in Kwaɗo zai sauka, Rediyo ne a sama. Surutun yana nan, wuyan ne kawai ba ya juyawa.

Darasi: Kada ka jefar da wanda ya tsaya maka lokacin da ba ka da kowa, don kawai ka samu wanda ya fi shi. Haƙurin da ka yi wajen koya wa mutum, wata rana shi zai riƙe ranka. In akwai wanda ya taɓa yin haƙuri da kai har ka iya, tura masa wannan labarin, ka tura wa wasu ma su karanta.