Kurege, Jimina da Injin Jirgi na Hannu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu ido a kan waya.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo, ai mun ajiye.

Ba ku ajiye ba. Ke Lantana, ina ganin haskenta a ƙarƙashin zanenki. Kife ta, ki juya mana rogon nan kada ya ƙone. Yawwa.

Kurege dai dillalin jakai ne a kasuwar namun dawa, wadda ke ci ranar Laraba. Kuma ya iya aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. In aka kawo jaki, sai ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya danna gadon baya, ya ɗaga kofato. Girma kuwa ba ya auna shi da sanda. Mai jakin yake sawa ya tsaya kusa da dabbarsa, ya ga inda ta kawo masa, ko ƙugu ko kafaɗa, shi ke nan ya yanke daraja. Haka ya gada, haka yake yi.

Kasuwar tana da doka guda. Dillali ba ya taɓa la'ada sai ya ambaci wani abu na jikinsa a gaban Sarkin Kasuwa, wato tsoho Kunkuru, ya zama jingina. In kaya suka yi abin da aka ce za su yi, ka tafi da abinka. In ba su yi ba, Kunkuru yana da aska. Kurege kullum wutsiyarsa yake ambata. Wutsiyar nan ita ce rumfarsa in rana ta take, ita ce maficinsa, ita ce bargonsa, kuma ba abin da yake so a duniya kamarta.

Ana nan, ana nan, ran wata Laraba sai ga Jimina ta zo da waya a baki. Ta ajiye ta, ta ce, “Dillali, ina da magana.”

Ya ce, “Hajiya, kunnena naki ne.”

Ta ce, “Ni tsuntsuwa ce ko ba tsuntsuwa ba?”

Ya dube ta tun daga ƙafa har inda wuyansa ya iya kaiwa, ya ce, “Haka ake cewa.”

Ta ce, “To, jiya an yi suna a gidan Shamuwa, can ƙololuwar kuka. Kowa ya hau. Ni ina ƙasa a tsaye, aka jefo mini nawa rabon kamar mai bara. Shekara da shekaru haka ake yi mini.” Sai hawaye. Ta ce, “Sau ɗaya tak nake so in ga ƙasa a ƙarƙashina. Na ga ana sayar da injin jirgi na hannu a waya, har da farfela da fiffike. In aka ɗaura mini, ai na tashi. Amma ban san mai kyau ba. Ka zaɓa mini, la'adarka buhun gyaɗa.”

Kurege bai taɓa ganin inji ba, ko a mafarki. Amma ya ji an ce buhun gyaɗa.

Ya ce, “Inji? Hajiya, ai inji jaki ne mai shan mai. Kawo wayar.”

Ya duba hoto. Ga abu nan baƙi, ya cika fuskar waya. Ba baki balle haƙora, ba kofato, kuma ba mai shi a tsaye kusa da shi. Kurege ya sa yatsu biyu don ya buɗe masa baki, sai abin ya ƙara girma. Ya haɗe yatsun, sai ya ƙanƙance. Ya buɗe, ya girma. Ya haɗe, ya ƙanƙance.

Jimina ta ce, “Me ka gani?”

Ya ce, “Yana ƙiba, yana ramewa. Alamar lafiya ce.”

Sunan mai kayan a shafin Giwa Mai Injina, ga hoton giwa nan da haurenta. Kurege ya tura masa saƙon murya, ya ce, “Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Shekararsa nawa?”

Aka rubuto, “Kamar sabo.”

“Yana cizo?”

“A'a.”

“Yana harbi?”

“In an juya farfelar da garaje.”

“Ya taɓa faɗuwa?”

“Sau ɗaya, a hankali.”

Kurege ya ce, “To, abu ɗaya ya rage. Tsaya kusa da shi, ka gaya mini inda ya kawo maka.”

Aka ɗan jima, aka rubuto, “Kafaɗata.”

Kurege ya yi tsalle. Ya ce, “Hajiya, kafaɗar giwa! Wannan ba ke kaɗai ba, har danginki zai ɗauka. Saya!”

Jimina ta saya. Suka je gaban Kunkuru, Kurege ya kaɗa wutsiya, ya ce, “Ga jinginata. In Laraba mai zuwa ta yi Hajiya ba ta tashi ba, a yanke.” Kunkuru ya ce ya ji. Kurege ya ja buhunsa zuwa rami, ya yi ta ci, ya yi ta ci, har cikinsa ya hana shi juyawa.

Washegari suka share fili, suka sa Rakumi ya zo da igiyoyi don sauke kaya. Suna ta hangen hanya, suna jiran ƙura ta tashi. Sai ga Hankaka ya sauko daga sama da ɗan kwali a baki, ya ajiye.

Kurege ya ce, “Ina sauran?”

Hankaka ya ce, “Sauran me?”

Aka buɗe kwali. Ga inji nan bai fi ƙwallon goruba ba, duk ya yi tsatsa. Ga farfela kamar mariƙin ludayi. Ga rabin fiffike an liƙe shi da gam. Ashe kayan ƙananan jiragen nan ne da mutanen birni ke tayarwa a fili don nishaɗi.

Jimina ta dubi inji, ta dubi Kurege. Rakumi ya dubi igiyoyinsa. Kurege ya durƙusa, ya ɗora yatsu biyu a kan injin, ya buɗe su. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya tofa wa yatsun yawu ya sake, inji ko gezau.

Ya ɗauki waya ya kira mai kaya. Sai ya ji wata 'yar siririyar murya ta ce, “Wa ke magana?”

Ya ce, “Giwa nake nema.”

“Ni ne.”

“Kai ne Giwa? Wace irin giwa ce ke magana kamar ɓera?”

“Ni ɓera ne mana. Giwa sunan kakana ne. Kafaɗata ka tambaya, kafaɗata na gaya maka.” Ƙit, ya kashe, ya toshe lambar.

Jimina ta ɗaga ƙafa guda. Kun san ƙafar jimina, in ta sauka a kanka ba sai an kira Kunkuru ba. Kurege ya yi wuf ya ce, “Barka, Hajiya! Barka da arziki!”

Ta ce, “Barka da me?”

Ya ce, “Jariri aka aiko miki. Masu hankali ai ƙaramin jaki suke saye su raina da hannunsu, shi ne ba ya yi musu gardama. Ɗumi kawai yake so. Ki kwanta a kansa.”

Ta sauke ƙafar a hankali, ta ce, “Kamar ƙwai?”

Ya ce, “Kamar ƙwai.”

Wallahi ta kwanta. Kwana shida tana kwance a kan injin nan, ba ci sosai, ba yawo. Kowace safiya Kurege ya zo ya ɗura masa fetur da man gyaɗa a wata 'yar huda da ya ɗauka baki ce, ya auna shi da ido, ya ce, “Ya ƙara.” Jimina ta ce, “Ni ma na ji kamar ya motsa.” Har waƙa take yi masa. Ni wannan wurin ba ya ba ni dariya, tausayi yake ba ni.

Ran Talata Kunkuru ya zo duba kaya. Ya ƙwanƙwasa shi kamar mai sayen tukunya, ya sansana, ya lasa, ya tofar. Ya ce, “Na shekara ɗari a kasuwar nan. Ban san ko dabba ce, ko ƙwai ne, ko kayan miya ba. Abin da na sani, gobe Laraba.” Ya zauna a bakin hanya yana wasa askarsa a dutse, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Kurege ya rungume wutsiyarsa ya koma rami da baya da baya.

Da gari ya waye, sai ya tafi gindin wata tsamiya da gora a hannu. Ya shafa zuma a cikinta, ya jira ƙudan zuma suka cika ta, ya toshe bakin da tsumma. Ya ƙulle gorar da inji da farfela da rabin fiffike a cikin buhun da ya cinye gyaɗarsa, ya ɗaura wa Jimina a baya.

Duk kasuwa ta taru a gefen kwazazzabon da ke bayan kara. Buhu yana ta zuuu, zuuu.

Jimina ta ce, “Dillali, kukan me nake ji?”

Ya ce, “Ya tashi daga barci. Kawo in ɗaure miki ido, haka masu hawa jirgi ke yi.”

Ya ɗaure mata ido da ƙyalle, ya juya ta ta fuskanci kwazazzabo, ya ce, “Ki yi gudu, ki yi ta kaɗa fiffike, kada ki tsaya.” Ya zura hannu cikin buhun, ya fizge tsumman bakin gorar, ya faɗa rami.

Jimina ta zabura. Ta ce, “Wayyo, me ke cizona?”

Kurege daga cikin rami ya ce, “Iskar sama ce! Ƙara gudu!”

Ta ƙara. Iskar sama ta ƙara cizo. Ta ƙara gudu, tana kaɗa fiffike, tana ihu, har ƙafarta ta taka inda babu ƙasa. A nan ƙyallen ya zame. Ta buɗe ido, ta ga rami can ƙasa, ta ga inuwarta tana bin yashi ita kaɗai, ba ƙafa a haɗe da ita. Numfashi uku ta yi a sama. Sannan tim, ta faɗi a tsallaken, kai a cikin rairayi.

Kowa ya juya wajen Kunkuru. Shi kuwa kafin ya ɗaga kai ta wuce, kafin ya sauke ta sauka. Ya ce, “Ban gan ta a sama ba. Amma ban gan ta a ƙasa ba. Ina aka ce take?”

Sai ga Jimina ta zagayo tana ɗingishi, wuya duk ya kumbura, tana kuka tana dariya. Ta ce, “Ranka ya daɗe, mai da askarka. Na gani. Na ga ƙasa a ƙarƙashina.” Ta kwance buhun ta miƙa wa Kurege, ta ce, “Riƙe jaririn, na ba ka. Sau ɗaya na roƙa, sau ɗaya na samu. Saman nan da ciwo yake.”

To, da Kurege mai godiyar Allah ne, da nan ya kwashi wutsiyarsa ya tafi gida. Ina! Ya ga Kaza da Talo-talo suna leƙen buhu, idonsu ya yi ja. Sai ya hau kan turmi, ya fito da inji, ya ce, “Kun gani da idonku! Wa zai taya? Buhu biyar ba na ko kallonsa.”

Talo-talo ya ce, “Shida. Amma ya yi kuka mu ji.”

Ƙudan zuma kuwa sun daɗe da komawa tsamiyarsu. Kurege ya ce, “Yana hutawa. Dubi farfela dai, dubi aiki, bari in kakkaɓe muku ƙurar.” Ya juya baya, ya ɗaga wutsiya, ya sheme farfelar da ita da garaje.

Injin nan ya sha ɗumin kwana shida, ya sha fetur, ya sha man gyaɗa. Ya yi tari sau ɗaya. Ya yi sau biyu. Sai firrr! Farfela ta naɗe wutsiyar, ta tsinke ta tun daga tushe, inji ya bar turmi ya yi sama da ita. Ya wuce kan Rakumi, ya wuce ƙololuwar kuka, wutsiya tana ta kaɗawa a bayansa, har ya zama ɗigo, har ya ɓace.

Kurege ya shafa bayansa, ya ji wayam.

Kunkuru ya dubi askarsa, ya ce, “Wai tsaya. Kayan masu kyau ne ko marasa kyau?”

Kurege ya ɗaga kai yana neman ɗigon nan a sama. Can ya ce, “Da na sani yana aiki, ai da buhu goma na ce.” Sai ya fashe da kuka.

Shi ya sa har yau in kun ga kurege a gona, za ku gan shi tsaye a kan ƙafa biyu yana kallon sama. Jira yake man ya ƙare.

Amma Gwaggo, ai kurege yana da wutsiya, ko jiya mun gan shi.

Ta hannu ce, a waya ya saya. Ba ki ga ta yi masa yawa ba?

Ƙurunƙus kan farfela. Duk wanda zai yi dillancin abin da bai sani ba, ya fara zama a kan wutsiyarsa tukuna. Miƙo mini rogon nan, kun bar shi ya ƙone.