Kafintan da Ya Hana Kuloci Wasa

A Daudawa akwai wani kafinta mai suna Badamasi, wanda ko maƙiyinsa ba ya kushe aikinsa. In ya kafa maka ƙofa, sauro ma sai ya yi sallama kafin ya shiga. In ya haɗa benci, a yi ta zama a kai har a gaji, ba za a ji ya yi ƙara ba. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ya ɗauka duk duniya katako ce. Abin da ya sani na ƙusa da guduma, gani yake ya isa ya gyara komai, kuma duk abin da ya taɓa ya ji yana motsi, to a wurinsa aikin rago ne.

Badamasi yana da 'ya mai suna Najiba, wadda Allah ya ba ta kai da murya. Islamiyyarsu ta zaɓe ta don ta wakilce su a musabaƙar karatun Alƙur'ani a Faskari, kuma damarta ta ƙarshe ke nan, domin baɗi shekarunta sun wuce na rukunin. Yarinyar nan ko tsinke take tsinta a tsakar gida, bakinta na kan tilawa.

Ana saura 'yan kwanaki, sai mashin ɗin Badamasi ya faɗi a ƙofar shago, hannun kuloci ya karye. Da ya je kai wasu tagogi Ƙanƙara, ya sayo sababbin hannaye, na kuloci da na birki, ba irin waɗanda mashin ya zo da su ba. Jajaye ne masu walƙiya, in rana ta doke su sai ka kau da kai. Ya ce ba bakaniken da zai taɓa masa su. Ya kwance noti, ya zare tsofaffin, ya maƙala kan wayar kuloci da ta birki a ramin sababbin, ya shafa man giris, ya ɗaure. A yi masa adalci, aikin ya yi tsaf.

Amma da ya taɓa hannun kuloci, sai ya ji yana ɗan lilo kafin waya ta kama. Na birki ma haka. Ransa ya ɓaci. Ya yi ta murɗa ɗan notin da ke bakin waya har hannayen suka tsaya ƙyam.

Yana gamawa sai ga wansa, Audi, wanda ya tsufa yana cin kasuwannin Sabuwa da Mairuwa a kan mashin. Audi ya matsa hannun, ya girgiza kai.

"Badamasi, wanga abu ya yi tauri. Sassauta mishi, ka bar mishi ɗan wasa."

"Wasa kuma? Yaya, ni aikina babu wasa cikinshi."

"Ba wasan yara nika nuhi ba. Ɗan sararin ga da ka ji, da gangan aka barinshi. In ka toshe shi, tamkar kana riƙe da kuloci ne duk tahiyar. Filet ɗin kuloci shi yi ta guga har shi ƙone. Birki ma shi riƙa kama taya ba ka sani ba."

Badamasi ya yi dariya. "Ragwancinsu ne suka sa ma suna. In na yi maka ƙofa tana lilo, ka karɓa?"

"Ƙofa daban, mashin daban."

"Duk ɗauri ne, Yaya."

Audi ya ce Allah shi kyauta, ya kama gabansa. Ya san ƙaninsa, in ya kafe ko jaki sai ya sara masa.

Ranar musabaƙa da safe, Malam Abdulƙarim, malamin su Najiba, ya tsaya a ƙofar gida da motar da aka ɗauko wa ɗalibai. Ya ce akwai wuri, a bar ta ta shiga cikin 'yan uwanta.

"Ɗiyata ce, ni zan kai ta," in ji Badamasi. "Ku tahi, Malam, can za ku iske mu."

Yana alfahari da 'yarsa, wannan gaskiya ne. Amma kuma yana so mutanen Faskari su ga jajayen hannayen nan.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Sai da inji ya yi zafi suka zo wani hawa, abu ya sake. Badamasi ya murɗa totur, inji ya yi ta ihu, gudu kuwa sai raguwa yake.

"Baba, ina jin ƙauri," in ji Najiba.

Ya tsaya ya sauka. Da a nan ya tuna maganar wansa ya sassauta waya, da sun lallaɓa sun isa. Amma kafinta in ya ji abu ya ɓaci, me zai fara zargi? Wani abu ya kwance. Sai ya ciro sifana ya ƙara ɗaure wayar, har yana cije leɓe. Ba su yi nisa ba kuloci ya ƙone ƙurmus. Inji na kuka, giya na shiga, taya ko gezau.

Wurin ba gari ba ne, kuma a wannan zamani ba kowane direba ke tsayawa don an ɗaga masa hannu a daji ba. Ya gwada kiran Malam, ba sabis. Sai ya kama turi, Najiba na biye tana rungume da Alƙur'aninta. Mashin ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhunan masara. Ya taɓa wajen birkin gaba, zafi ya sa ya janye hannu ba shiri. Sai ya sunkuya ya sassauta notin wayar birkin kaɗan, har hannun birki ya dawo da ɗan lilonsa. Yana turawa, taya ta gangara salin alin. Gumi da kunya suka rufe shi.

Rana ta yi tsaka kafin wani mai a-kori-kura ya tausaya wa yarinyar ya ɗauke su. Sun isa Faskari ana kwashe bencina. Malam Abdulƙarim ya taso da sauri.

"An kira sunanta, an sake kira. Na roƙi alƙalai suka maishe ta ƙarshe, suka jira har aka kira salla. Sun tashi."

Badamasi ya zauna a kan wani benci da ba a kai ga ɗaukewa ba. Mutumin da bai taɓa ba kowa haƙuri ba, yau ya sunkuyar da kai a gaban 'yarsa. Najiba ta goge idonta da gefen hijabi, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, tunda dai mun zo, bari in karanta maka."

Ta yi bisimilla ta fara. Masu kwashe bencina suka ajiye na hannunsu suka tsaya. Ta kai ƙarshe ba gyara ko ɗaya, ba gargada. Malam Abdulƙarim ya ce a hankali, "Wallahi duk waɗanda suka karanta yau babu..." sai ya dubi uban, ya haɗiye sauran. Badamasi ya ji abin da ba a ƙarasa ba. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Darasin a fili yake, mai karatu. Gwaninta a sana'a ɗaya ba ta mai da mutum gwanin kowace sana'a, kuma ba duk sassauci ne sakaci ba, wani da hikima aka bar shi. In wanda ya riga ka sanin abu ya ce maka sassauta, ka saurara kafin ka kai hannu ga sifana. Mai taurin kai ba shi kaɗai yake shan wahalar taurinsa ba, sau da yawa wanda ya goyo a baya ne ke yin asarar da ba ta gyaruwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.