Mitsila da Ramin Kaguwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wata shekara iska ta ƙaranta a ruwan ƙasan teku, kifaye duk suka gudu sama. Aka bar Mitsila, ƙwayar halittar da ido ba ya gani, da maƙwabciyarta Kaguwa mai taurin kai.

Kaguwa na haki ta ce, "Ƙanwata, ke da me kike numfashi?"

"In iska ta ƙare, da gishirin laka, Yaya."

"Koya mini, in zauna da ke."

Mitsila ba ta da kowa sai ita, amma ta ce, "Ba ya koyuwa. Tashi ki hau sama, kada ki mutu mini a ƙofa."

Kaguwa ta tafi. Har yau, kullum safiya, Mitsila na gaida ramin Kaguwa da babu kowa a ciki.

Ƙurunƙus kan kaguwa.